Wai zane a gidan tarihi ya fi littafi koyar da tarihin Amurka?

Bakatsine_Maryland:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ranar Asabar da ta wuce yarinyata ta matsa min sai na raka ta wani gidan zane-zane a Washington, malamarsu ce ta ba su aikin gida wai kowa ya zaɓi zane ɗaya ya rubuta abin da ya gane game da tarihin ƙasar. Ni dai na bi ta ne don kar a ce uba ya ƙi, niyyata mu yi awa ɗaya mu fito mu nemi abinci. Wallahi sai da muka shafe awa huɗu, ita ce ma ta fara cewa Baba ƙafata ta gaji. Gidan na Smithsonian ne, wato cibiyar gidajen tarihi ta gwamnatin Amurka, shi wannan ya tara zanen Amurkawa zalla, gini ɗaya suke da gidan hotunan shugabanni da manyan mutane, shiga kuma kyauta ko sisi ba a karɓa. Ginin kansa ma tarihi ne, lokacin yaƙin basasa asibitin sojoji aka mai da shi, a ciki kuma aka yi walimar rantsar da shugaba Lincoln karo na biyu a 1865.

Shekarata goma sha ɗaya a ƙasar nan, na yi jarabawar zama ɗan ƙasa na haddace amsoshin nan guda ɗari kamar karatun allo, amma ban taɓa jin tarihin ya shiga jikina ba sai ranar. Akwai wani zane na Winslow Homer na 1876, wata tsohuwar uwargijiya Baturiya ta zo gidan matan da a da bayinta ne, bayan an 'yanta su. Tana tsaye cikin baƙar riga, su uku, ɗaya na riƙe da yaro, ɗaya ko tashi ba ta yi daga zaune ba. Babu mai murmushi. Na daɗe a gabansa. Shi ya sa nake cewa duk mai son sanin tarihin ƙasa ya nufi gidan zanenta, ya fi littafi. Littafi mutum ne ya zauna ya rubuta son ransa, zane kuwa ga shi nan kana gani da idonka. Ko ya kuka gani?

Sadauki92:
Wa alaikumus salam. To shi zanen aljani ne ya yi shi? hhh ai shi ma mutum ne ya zauna ya zana son ransa

Malam_Sani_Tarihi:
Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya yi wa yarinya albarka da ta ja ka can. Amma maganarka ta ƙarshe ban yarda da ita ba, kuma zan kawo misali da zanen da ya fi kowanne suna a Amurka, wato George Washington a tsaye cikin kwale-kwale yana tsallake kogin Delaware cikin ƙanƙara. Yana gidan Metropolitan a New York, faɗinsa ya haura mita shida, ya cinye bango guda. Abin ya faru ne daren 25 ga Disamba 1776, Washington ya tsallaka da sojoji wajen 2,400 suka afka wa sojojin hayar Jamusawa da ke yi wa Ingila yaƙi a garin Trenton. Shi kuwa zanen sai 1851 aka yi shi, shekara 75 bayan nan, kuma ba a Amurka ba, a garin Düsseldorf na Jamus. Mai zanen Emanuel Leutze ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin yaƙin, a 1816 aka haife shi. Tutar da ke cikin jirgin mai taurari sai watan Yuni 1777 aka amince da ita, wato wata shida bayan tsallakewar. An tsallaka cikin dare ana ruwa da iska, shi kuwa ya zana hasken asuba. Jiragen da aka yi amfani da su manya ne na dakon kaya masu zurfi, ba wannan ɗan ƙaramin ba. To ka ga idan ka tsaya a kan "ina gani da idona" ka haddace ƙarya uku a tsaye ɗaya.

Gimbiyar_Zazzau:
Ikon Allah, ashe a Jamus aka zana shi. Ni da nake ganinsa a littattafai na ɗauka wani ne a bakin kogin ya zana

Bakatsine_Maryland:
Malam Sani na ji, amma ai tsallakewar ta faru ko? Ba ƙirƙira ya yi ba. Tuta da girman jirgi ai ƙananan abubuwa ne.

Malam_Sani_Tarihi:
Ta faru Alhaji, ba musu. Abin da nake nufi shi ne zanen ya fi ba ka labarin 1851 a kan 1776. Leutze ya yi shi ne bayan boren neman sauyi da aka yi a ƙasashen Turai a 1848 ya wargaje, yana so ya zaburar da Jamusawa masu neman 'yanci, ya ce musu ku dubi yadda Amurkawa suka yi. Su kuma Amurkawa da aka kawo shi New York suka yi ta tururuwa suna biyan kuɗi su kalla saboda lokacin ƙasarsu ta fara tsagewa kan maganar bayi, suna neman abin da zai haɗa kansu. Wannan tarihi ne sosai, amma sai ka karanta za ka san shi, zanen ba zai buɗe baki ya gaya maka ba.

Mai_Shayi_Bronx:
Ni na je na gan shi, wani fasinja ne ma ya sa ni, na sauke shi a ƙofar gidan ya ce shekara nawa kana wuce nan ba ka taɓa shiga ba, kunya ta kama ni. Girman abin kawai ya isa ya sa ka yi shiru. Kuma akwai baƙar fata ɗaya a cikin masu tuƙin, kusa da Washington ɗin

Abu_Safwan:
Jama'a ni tambayata daban ce. Musulmi ya kwashi iyalinsa ya je ya tsaya awa huɗu yana kallon hotunan masu rai da gumaka, wannan fa? Ba na zargin kowa, tunatarwa ce.

Bakatsine_Maryland:
Na gode da tunatarwa ɗan'uwa. Ba bauta muka je yi ba, aikin makaranta ne, kuma mun yi azahar da la'asar ɗinmu.

Maman_Yan_Biyu:
Abu Safwan don Allah a bar fatawa ga malamai, kowa ya tambayi malaminsa. In aka buɗe wannan babin yanzu sai gobe ba a rufe ba, mu kuma muna ƙaruwa da abin da ake faɗa

Admin_Dattijo:
A ci gaba da maganar tarihi. Wanda ke son waccan ya buɗe mata zaure daban.

Bello_Gombe:
Tunda an ambaci Musulunci bari in kawo wani abu da zai goyi bayan Bakatsine. Akwai zanen wani dattijo Musulmi ɗan Afirka ta Yamma, sunansa Yarrow Mamout, wani shahararren mai zane Charles Willson Peale ya zana shi a 1819, yanzu yana gidan zane na Philadelphia. An kawo shi Maryland a jirgin bayi a 1752 yana ɗan shekara kamar 16, ya yi shekara 44 a cikin bauta, aka 'yanta shi a 1796. Bayan nan mutumin nan ya yi ta aikin ƙarfi, bulo, gawayi, saƙar kwando, har ya sayi gida a Georgetown cikin Washington ya kuma sa kuɗi a banki. Ya iya rubutun Larabci. Peale ya rubuta a littafin ajiyarsa cewa ana jin sa a titi yana yabon Allah da murya, ba ya cin alade ba ya shan giya. Ya rasu a 1823. Ku nemi hoton ku gani, hula ce a kansa da babbar rigar sanyi, yana ɗan murmushi, wallahi kamar wani kawuna da ke Kumo. To ni dai littafin tarihin Amurka nawa na karanta ban taɓa cin karo da shi ba, fuskar nan ce ta sa na fara bincike har na gano Musulmi da yawa ne aka kai can a bayi. Wani ma, Umar ɗan Sa'id daga Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831.

Sadauki92:
Yaro Mahmud? Wannan ai Bahaushe ne kawai aka murguɗa sunan

Bello_Gombe:
Kun fara ko, komai naku ne hhh. Ba yaro ba ne, Yero ne, sunan Fulani, kuma masu bincike sun fi karkata kan Bafulatani ne daga wajen Gini. Mamout ɗin ne ake ganin Mahmud ko Mamadu ne.

Gimbiyar_Zazzau:
Allah sarki bawan Allah. Shekara 44 kuma bai saki addininsa ba. Allah ya jiƙansa

Malam_Sani_Tarihi:
Amin. Bello misalinka mai kyau ne, amma ka san dalilin da ya sa Peale ya zana shi? Ba don Musulunci ko bauta ba. An gaya masa ne wai tsohon ya kai shekara 140, shi kuma Peale yana da sha'awar sirrin tsawon rai, ya je ya gani, ya yi lissafinsa ya ce 134. Alhali bai wuce tamanin da 'yan kai ba. Da ba don wannan jita-jitar ba da babu zanen. Dubban irinsa sun mutu ba wanda ya zana su, shugabanni kuwa da matan attajirai ga su nan bango-bango. Ka tambayi kanka wa ke da kuɗin biyan mai zane a 1800, shi ne za ka gani a bango.

Bakatsine_Maryland:
Wannan kam gaskiya ne, ɓangaren shugabanni ya fi ko'ina cika. Akwai ƙaton zanen Washington a tsaye ya miƙa hannu, na Gilbert Stuart 1796. Yarinyar ce ma take gaya min wai a gonarsa ta Mount Vernon akwai bayi 317 a shekarar da ya mutu, 1799, guda 123 nasa ne na kansa. A zanen kuwa teburi ne da littattafai da alƙalami da takobi.

Dan_Damagaram:
Sannunku da hira. Mu nan a lakwal tarihin Faransa aka fi cusa muna, na Amurka kaɗan ne, to ina biye da ku. Tambayata ina su mutanen da Turawa suka tarar a ƙasar? Su ba a zana su ba?

Hauwa_Minnesota:
An zana su sosai, kuma da yawa suna gidan da Bakatsine ya je ɗin. Wani lauya ne George Catlin ya ajiye aikin lauya ya shiga yamma tsakanin 1830 da 1836, ya ziyarci ƙabilu kusan hamsin, ya yi zane sama da 500, sarakunansu da matansu da farautar ɓauna da bukukuwa. Abin da ya fi taɓa ni labarin ƙabilar Mandan ne a bakin kogin Missouri. Ya zauna da su a 1832 ya zana wani shugabansu Mato-Tope da rigar fata da gashin tsuntsu tun daga ka har ƙasa. Shekara biyar kacal bayan nan, 1837, jirgin ruwan 'yan kasuwar fata ya kawo musu cutar agana, ƙabilar da ta haura mutum dubu ɗaya da ɗari biyar waɗanda suka rage ba su kai 200 ba, shi ma shugaban ta kashe shi. To zanen Catlin na cikin 'yan abubuwan da suka rage da ke nuna yadda garinsu yake kafin annobar. A nan dole a ce zane ya yi aikin da littafi bai yi ba.

Amma fa kar a mai da shi waliyyi. Ya ɗauki zanen ya tafi Landan da Paris yana nunawa ana biyan kuɗi, har da mutanen Ojibwe da Iowa na gaske yana sa su rawa a gaban Turawa kamar wasan kura, wasu a can cuta ta kashe su. Ya yi ta roƙon majalisar Amurka ta sayi zanen ta ƙi, bashi ya ci shi a 1852, wani attajirin Philadelphia mai ƙera kan jirgin ƙasa ya biya bashin ya kwashe zanen ya jibge a masana'antarsa, sai 1879 matarsa ta ba Smithsonian bayan su duka biyun sun mutu. Ni ina zaune a jihar da 'yan Ojibwe da Dakota suke har yau, ina aiki da wasunsu, abin da ke ba su haushi shi ne a riƙa nuna su kamar mutanen da suka ƙare. Wata ta ce min mu fa muna nan, muna biyan kuɗin haya kamar ke.

Dan_Damagaram:
Na gode Hajiya Hauwa. Wasan kura kam, Faransawa ma sun yi ma mutanenmu irin shi a bukukuwan baje koli nasu.

Bakatsine_Maryland:
Hajiya na gan su, fuskoki ne jere. Sai dai ban san labarin aganar ba, na wuce su ne ina cewa kai kwalliyar nan ta yi kyau. Ka ga nan Malam Sani ya ci ni ɗaya.

Injiniya_Kb:
Ni abin da na lura da zanen Amurkawa na ƙarni na 19 shi ne abin da ba su zana ba. Bakatsine ka ga wani ƙato na duwatsun California da tafki da barewa suna shan ruwa, haske na saukowa daga gajimare kamar aljanna? Na Albert Bierstadt ne, 1868, a gidan yake. A Roma ya zana shi, kuma ba wani wuri takamaimai ba ne, harhaɗawa ya yi. Babu mutum ko ɗaya a ciki. Alhali a daidai shekarun nan, tun da aka gano zinariya a 1848, ake karkashe 'yan asalin California ana kore su, ƙiyasin masana daga wajen 150,000 suka koma wajen 30,000 cikin shekara talatin ɗin da ba ta cika ba, har gwamnan jihar ya fito ya nemi gafara a 2019. Mai kallon zanen a New York ko Landan abin da zai gani ƙasa ce fili fetal ba mai ita, sai ka zo ka kafa bukka. Talla ce wallahi, irin ta masu sayar da fuloti.

Sadauki92:
Irin ta masu fuloti hhhh "ga ruwa ga wuta ga kwalta na nan zuwa"

Hauwa_Minnesota:
Akwai ma wanda bai ɓoye ba, na John Gast 1872, yana wani gidan tarihi a Los Angeles. Wata ƙatuwar mace Baturiya cikin farin mayafi tana shawagi a sama ta nufi yamma, littafin makaranta a hannu tana jan wayar tangaraho, bayanta jiragen ƙasa da manoma da haske, gabanta duhu, 'yan asalin ƙasar da ɓauna suna gudu. Kuma ɗan ƙarami ne, bai fi faranti babba ba, an yi shi ne don a buga a raba wa matafiya.

Malam_Sani_Tarihi:
Injiniya abin da ka faɗa shi ne ya taɓa tayar da ƙura a gidan Smithsonian ɗin nan da kansa. A 1991 sun yi wani nuni na zanen yammacin Amurka, suka rubuta bayanai a gefen kowane zane suna cewa wannan fa ƙawata mamaya ne. Sai ga 'yan majalisar dattawa sun fusata har da barazanar taɓa kuɗin da gwamnati ke ba Smithsonian, aka dawo aka sassauta wasu bayanan. Zanen bai canza ba, ɗan rubutun gefen ne ake faɗa a kai. Don haka Alhaji in ka koma ka riƙa karanta 'yar takardar nan, ka kuma tuna ita ma wani ne ya rubuta.

Yar_Zongo_Kumasi:
Ni duk maganar nan ta maza ce, masu zane maza, waɗanda aka zana maza. Ba mace ko ɗaya?

Hauwa_Minnesota:
Akwai Anti, kuma labarinta ya fi na kowa daɗi. Edmonia Lewis, babanta baƙar fata, mamarta 'yar Ojibwe. Sassaƙar farin dutse take yi, ta bar Amurka ta koma Roma da zama saboda wariya ba ta bari ta yi aiki. Ta sassaƙa Kilopatra sarauniyar Masar a mace a kan karagarta, nauyinsa ya haura tan ɗaya, aka kawo shi babban baje kolin cikar Amurka shekara ɗari a Philadelphia 1876, mutane suka yi ta mamaki. Ba wanda ya saya. Aka kai Chicago nan ma shiru, daga nan ya faɗa wata mashaya, daga nan wani ɗan caca ya saye shi ya kafa a kan kabarin dokinsa na sukuwa don sunan dokin Kilopatra. Ya yi shekaru a fili ruwa da rana, ya ƙare a yadin da ake zubar da tarkacen gini, wasu yara ma suka shafe shi da fenti wai gyara suke. Sai a shekarun 1980 aka gane ko mene ne, 1994 aka kai shi Smithsonian. Ita kuwa ta rasu a Landan a 1907 ba wanda ya san ma inda take sai da aka yi bincike daga baya.

Yar_Zongo_Kumasi:
Kabarin doki! Innalillahi. To ai wannan yawon da dutsen ya yi shi kansa tarihin ƙasar ne

Bakatsine_Maryland:
Kai, na wuce ta gabansa fa, ban tsaya ba saboda mutum-mutumi ne kuma ga yarinya tare da ni.

Baban_Khalifa:
Ni maginin tukwane ne kakana don haka abin da ya ja hankalina daban ne. Akwai wani bawa a Edgefield ta South Carolina, ana ce masa Dave, bayan 'yanci ya zama David Drake. Randuna yake ginawa manya-manya na ajiye nama da kitse, wasu sai mutum biyu su ɗaga. Abin mamakin yana sa hannu da sunansa da kwanan wata a jikin randar tun tana ɗanya, wani lokaci har da baiti biyu na waƙa, alhali jihar ta yi doka a 1834 ta hana koya wa bawa karatu da rubutu. A wata randa ta 1857 yana tambayar ina danginsa suke, don an sayar da su an raba su. Metropolitan sun yi nunin tukwanen a 2022. Wannan ba attajiri ne ya biya a zana shi ba, ba kuma Bature ne ya zana bawa yadda yake so ba, shi ne da hannunsa. Malam Sani wannan fa, shi ma talla ce?

Malam_Sani_Tarihi:
A'a wannan kam shaida ce tsagwaronta, na sallama. Sai dai ka lura, rubutun da ya yi ne ya sa muka san shi. Randunan sauran bayin da ba su sa suna ba suna nan da yawa, ba a san ko su waye ba.

Baban_Khalifa:
Malam kai dai ba ka faɗuwa ƙasa hhh

Mai_Shayi_Bronx:
Ku bar na da can, ni wanda na gane shi ba sai an min bayani ba shi ne na Jacob Lawrence kan ƙaurar baƙaƙe daga kudu zuwa arewa. Allo sittin ne ƙanana, ya gama a 1941 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, an raba su biyu, talatin a gidan zane na MoMA nan New York talatin a gidan Phillips a Washington. Na farkon taron mutane ne a tashar jirgin ƙasa suna turereniya a ƙofofi uku an rubuta Chicago, New York, St. Louis. Mutum wajen miliyan shida suka yi wannan ƙaurar cikin shekara sittin, suna gudun wariya da kisan gilla da aikin auduga na bashi. Duk wanda ya taɓa barin gida da jaka ɗaya ya je ci-rani zai gane zanen nan, ɗaki ɗaya mutum goma, wasiƙa daga wanda ya riga ka tafiya yana cewa ku taho akwai aiki. Ni kaina na gani a ciki wlh

Injiniya_Kb:
Kuma Lawrence ɗin ya zo Najeriya, 1962 ya fara zuwa aka nuna aikinsa, ya dawo 1964 da matarsa suka yi wata takwas tsakanin Legas da Ibadan yana zana kasuwanni. Shi ma wanda ya zana Obama a cikin ganye a 2018, Kehinde Wiley, babansa ɗan Najeriya ne, zanen na gini ɗaya da inda Bakatsine ya je.

Bakatsine_Maryland:
Shi ne inda layi ya fi tsawo, kowa sai ya ɗau hoto da waya a gabansa. Wai furannin ma da ma'ana, na Kenya da na Hawaii da na Chicago.

Gimbiyar_Zazzau:
Ni duk hirar nan sai ta sa nake tunanin namu. Hoton Sarauniya Amina da ke yawo da takobi a kan doki ai shi ma irin na Washington ɗin ne, wani ne ya zauna ya ƙago fuskar ɗaruruwan shekaru bayan ta mutu. Haka wanda ake yaɗawa wai Shehu Ɗanfodiyo, ba shi ba ne, babu wanda ya zana Shehu yana raye, kyamara kuma ba a ƙirƙiro ta ba sai bayan rasuwarsa a 1817. Amma yara sun haddace fuskar

Dan_Damagaram:
Mu tarihinmu a bakin maroƙa da makaɗan fada yake da takardun malamai. Kuma maroƙi ma wanda ya ba shi riga yake wasawa, to kusan duk ɗaya ne da mai zanen da attajiri ya biya.

Abu_Safwan:
To kun ga dai, ko ba a je ga hukunci ba, hoto na sa a riƙe ƙarya a matsayin gaskiya. Magabatanmu da suka tsaya kan rubutu da isnadi ba wauta suka yi ba.

Bello_Gombe:
Haka ne ɗan'uwa, amma ni dai ba don fuskar Yero ba da ban je neman rubutun Umar ba

Sadauki92:
Ni tambaya ɗaya, cikin masu muhawarar nan wa ya taɓa shiga Gidan Makama a Kano ko gidan tarihi na Jos? A faɗi gaskiya

Maman_Yan_Biyu:
Tun muna firamare aka kai mu a motar makaranta, ban sake komawa ba, kuma kullum sai na wuce ta gabansa in zan je asibiti

Injiniya_Kb:
Kayan Benin 29 da Smithsonian ɗin ta mayar wa Najeriya a 2022, waɗanda sojan Ingila suka kwasa a 1897, ina son in san mutum nawa cikinmu suka nemi inda aka ajiye su.

Bakatsine_Maryland:
To jama'a na sha ruwan hujja. Na janye cewa zane ya fi littafi, amma ban janye cewa ya fi shi kama zuciya ba, don har yanzu matar nan da ta ƙi tashi tsaye a zanen Homer tana idona. Malam Sani ka gaya min ita ma ƙarya ce in huta.

Malam_Sani_Tarihi:
Ba zan ce ƙarya ba ce Alhaji. Homer ya je Virginia da kansa ya zauna ya kalli mutanen, ba daga Jamus ya hango su ba. Amma dubi shekarar, 1876. Shekara ɗaya bayan nan, 1877, aka janye sojan tarayya daga harkar mulkin kudu, tsoffin iyayengijin suka dawo da ƙarfinsu, aka shiga dokokin wariya da suka kai har shekarun 1960. Zaman da matar nan ta yi a gaban uwargijiyarta, 'yarta ba lallai ta samu damar yin irinsa ba. Wanne yarinyar ta zaɓa a ƙarshe?

Bakatsine_Maryland:
Duwatsun California ɗin nan da barewa ta zaɓa, wai ya fi kyau. Har ta rubuta shafi ɗaya kan kyawun ƙasar Amurka. Yanzu na nuna mata abin da Injiniya ya rubuta ta ce Baba ka ɓata min aiki, Litinin za a karɓa.

Hauwa_Minnesota:
Ka ce ta bar shafin farko yadda yake ta ƙara na biyu. In za ku koma kar ku yi sammako, sai sha ɗaya da rabi suke buɗewa

Mai_Shayi_Bronx:
Kuma ku hau jirgin ƙasa, wajen ajiye mota a unguwar nan sai ya ci kuɗin abincinku